A bar ɗalibin likita ya yi rubutu, mutanenmu dalili suke nema

Duk ɗalibin likitancin da ya fara ɗan rubuce-rubucen kimiyya a Facebook, ko ya ɗauki waya ya yi bidiyo yana bayanin yadda ƙoda take tace jini, ba a daɗewa wani na gaba da shi zai ja shi gefe ya ce malam rufa wa kanka asiri ka koma kan littafi, in ka gama ka karɓi lasisi sai ka yi duk surutun da kake so. Kuma tsakani da Allah ba da mugunta suke faɗa ba, sun san abin da ke gaba, sun ga yadda jarrabawar anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri take tankaɗe aji, yaro ya zo da sakamako mai kyau tun daga sakandare kowa a gida ya fara ce masa dokta, amma a wayi gari an ce ya maimaita shekara ko ma ya nemi wani kwas. Shekara 6 ce a takarda, in yajin aiki ya shigo kuwa sai abin da Allah ya yi. Duk na san wannan don ni ma cikin karatun nake, amma dai ban yarda da shawarar ba, ina ma ganin makarantunmu ne ya kamata su riƙa tura ɗalibai su yi wannan rubutun, da Hausa, maimakon a riƙa yi wa mai yi kallon wanda ya manta abin da ya kawo shi.

Ku tsaya ku saurari abin da ake gaya wa mutanenmu game da lafiya, a rediyo ne ko a fastar da ake liƙawa a bangon asibiti ko ta bakin mai shela. A kai yara rigakafi. A kwana cikin gidan sauro. A wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu ta je awo. Duk gaskiya ne ba mai musu, amma fa duka umarni ne, yi kaza bar kaza, ba a cika tsayawa a ce ga dalili ba, balle a ce ga yadda aka yi aka gano. Magidanci ɗan shekara 50 da yake riƙe da gida da gona da kasuwa, wanda zai yi maka lissafin ribar buhu 100 da ka bai taɓa biro ba, shi ake ba umarni a taƙaice, in ya ɗaga hannu ya ce me ya sa, sai a ce ai matsalar mutanenmu kenan, jahilci.

To yanzu je ka kasuwa ranar da take ci ka tsaya kusa da motar mai magani. Ya buɗe but ya jera robobi da ƙulle-ƙulle, lasifika a saman mota, wani lokacin har da hoton kayan cikin mutum da ya sha rana ya koɗe. Shi ba zai ce maka sha kawai ba, da kai zai fara tukuna, ka tashi da safe jikinka a mace, bayanka ya riƙe, cikinka na ƙugi, in ka shiga banɗaki ka daɗe, ko ba haka ba? Kowa ya gyaɗa kai, don waye ba ya jin ɗaya daga ciki. Sannan ya ce dattin ciki ne, maiƙo da zaƙin da kake ci su ne suke taruwa su daskare su zama basir, basir ɗin ya kama jijiya ya sauka ƙasa ya kashe maka ƙarfi a wajen iyali, ga wanda zai wanko shi tas cikin kwana 3. Bayanin nan ba daidai ba ne ko kusa, amma bayani ne, ya ce ga inda ciwo ya samo asali, ga hanyar da ya bi, ga yadda maganin zai yi da shi, ya ɗauki mai sauraro a matsayin mai hankalin da sai an gamsar da shi zai sa hannu a aljihu. Mutane su tsaya cikin rana rabin awa ba wanda ya motsa. Don haka duk wanda ya ce min Bahaushe ba shi da haƙurin jin yadda jiki yake aiki, bai taɓa tsayawa a wurin nan ba ne. Yanzu ma motar ta koma TikTok da WhatsApp, lasifikar tana cikin ɗakin kowa.

Likita kuma ba zan ga laifinsa sosai ba, mutumin da layi ya kai har bakin ƙofa tun kafin ya zauna, in ya ba kowa minti 5 ma ya yi ƙoƙari, ina ya ga lokacin ba da labarin hanji. Sai ya rubuta a kati ya ce a sha safe da yamma, na gaba ya shigo.

Ɗauki ruwan gishiri da suga, wanda kusan kowace uwa ta san shi. An gaya mata in yaro yana gudawa ta ba shi, ta ce to, amma a ranta tana ganin wannan ai ba magani ba ne, abin da ake ba talaka ne don a sallame shi, magani na gaske allura ce ko ƙarin ruwa. Shi ya sa za ka ga an ba yaro kurɓi biyu, gudawa ba ta tsaya ba, an ture kofin an tafi kemis neman Flagyl. Wata ta rage sugan don ta san zaƙi ba shi da kyau ga cikin yaro, wata ta cika gishirin don ya fi ƙarfi. Abin da ba wanda ya zauna ya gaya mata shi ne, abin da ke kashe yaron ƙarewar ruwan jikinsa ne, kuma haɗin nan dama ba don ya tsayar da gudawa aka yi shi ba, don ya mayar da ruwan da ke zuba ne har cutar ta wuce. A bangon hanji akwai wata hanya da gishiri yake bi ya shiga jiki amma sai tare da suga, in sun shige tare sai ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini, kuma abin mamakin shi ne hanyar nan tana ci gaba da aiki ko da kwalara ce ta kama mutum. Wani masani Ba'amurke Robert Crane ne ya bayyana wannan hanya a 1960. A 1971 lokacin yaƙin Bangladash kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ledar ƙarin ruwa ta ƙare, sai wani likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan nan a manyan duro, 'yan uwan marasa lafiya da kansu suna ɗiba suna ba su, mace-macen da ke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Awon ma ba wahala in ba a samu na leda ba, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwar da ta ji wannan ba za ta cire suga ba don ta san aikinsa, ba za ta ture kofi don gudawa ba ta tsaya ba don ta san ba alkawarin da aka yi mata kenan ba. Duk bayanin nan bai kai tsawon fostin ɗaya na rigimar siyasa ba, kuma ɗalibin da ya yi fisiyoloji ya san shi, ya ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa, sai dai da Turanci ya amsa, malami ɗaya ya karanta ya ba shi maki aka ajiye takardar.

Maganar sikila ta fi wannan ciwo. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin jinin sikila, kuma abu ne mai kyau ƙwarai a ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon duk shekara. Amma me ke faruwa bayan gwajin? A miƙa wa saurayi da budurwa takarda an rubuta AS da AS, a ce musu jininku bai haɗu ba. In sun yi sa'a a ƙara musu da cewa ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanku zai iya zuwa da ciwon, su kuma su tafi gida su yi nasu lissafin, wani ya ce ai sai mu tsaya a uku, wani ya ce tunda na fari ya zo da shi to ukun da ke biye sun tsira, wani kuma ya nuna maka gidan kawunsa ya ce duka AS ne ga 'ya'ya 7 ba mai sikila ko ɗaya, likitoci dai tsoratarwa suke. Alhali kowane ciki lissafinsa sabo ne, bai san abin da ya faru da na baya ba. Uba yana ɗauke da A da S, ɗaya zai bayar, uwa ma haka, to a kowane ciki damar SS, wato mai ciwon, kashi 25 ne cikin 100, AS kashi 50, AA kashi 25, shi ya sa gida ɗaya zai haifi 7 lafiya ƙalau, maƙwabcinsa ya haifi 3 a jere duka masu ciwo, kuma ba wanda lissafin ya yi wa ƙarya a cikinsu. Sannan ga tambayar da ni tun ina aji biyu ta fi ɗaukar hankalina, me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu har kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da S? A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS suna da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wato a ƙasar da maleriya take kwashe yara, masu AS sun fi rayuwa su girma su haihu, da haka S ɗin ya yawaita tsawon zamani. Wannan ba ƙarin gishiri ba ne a labari, yana da amfani a cikin gida, don har gobe akwai inda uwa ake ɗora wa laifi, a ce daga danginta ciwon ya zo, ko a ce wani abu aka yi. In dangin miji suka gane sai an samu S daga ɓangare biyu, da yawan maganganun da ake yaɓa mata za su ragu.

Me ya sa nake cewa ɗalibi, ba farfesa ba? Farfesa ya fi shi sani nesa ba kusa ba, amma ya daɗe da manta yadda rashin sanin yake, abin ya zama jikinsa, bai ma san wane wuri ne mutum zai tsaya ya ce ban gane ba. Ɗalibi kuwa bara-bara shi ma yake tunanin olsa yunwa ce kawai take kawo ta, ya san daidai inda kansa ya ɗaure da kuma maganar da ta warware masa. Kuma shi ne yake komawa gida hutu, gwaggo ta kira shi ɗaki ta ce ɗan nan zo ka duba min takardar nan, sun ce wai hawan jini ne da ni alhali ni ba inda ke min ciwo, don me zan ta shan ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwata? In bai iya gamsar da ita ba cewa hawan jini ɓarna yake yi a ɓoye a jijiyoyi da ƙoda da zuciya, kuma ranar da ya nuna kansa sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce, to bai gane darasin ba tukuna, haddacewa ya yi. Mu kuwa mun san yadda ake yi, a kwana ana tura karatu, a shiga a juye a takarda, bayan sati biyu ko sunan babin ba a tunawa. Zama ka rubuta abu da Hausa yadda gwaggo za ta gane ya fi duk wata bita da na sani tona asirin abin da ba ka fahimta ba, don babu dogon Turancin da za ka ɓuya a bayansa. Masu cewa yana cin lokacin karatu su duba nan, wannan ɗin ma karatu ne.

Son bin diddigi a wajen ɗalibi kuma ba sabon abu ba ne. Paul Langerhans ɗalibin likitanci ne a Balin lokacin da ya hango wasu tarin ƙwayoyin halitta a jikin wata gaɓa da ke bayan tumbi a 1869, bai ma san aikinsu ba, daga baya aka gano su ne ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini. Charles Best da ya yi aikin fitar da insulin ɗin tare da Frederick Banting a Toronto a 1921 ɗalibi ne ɗan shekara 22. Ba ina cewa gobe mu ma za mu gano wani abu irin wannan ba, da wace wutar lantarkin, amma dai ɗabi'ar tambayar me ya sa ba abar da za a ce a ajiye sai bayan an gama makaranta ba ce, wanda ya ajiye ta shekara 6 da wuya ya dawo ya same ta.

Sai dai rubutun da nake nufi ba na tallata asibiti ba ne, nan ne ma nake saɓawa da wasu abokaina da suke ganin aikinmu shi ne mu kare likitanci daga jahilai. In za ka yi wa mutanen Kano bayanin rigakafi ka tsallake 1996, ba za su saurare ka ba kuma suna da gaskiya. A shekarar ce ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara, kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su ba magani ba, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Bayan shekara 7 da gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar an sa maganin hana haihuwa a ciki, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004, kuma a tsakanin nan da bayansa cutar ta bazu ta kai ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Jita-jitar ƙarya ce, an gwada ba a samu abin da zai hana haihuwa ba, yara suka shanye a banza, amma tsoron ba daga sama ya faɗo ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai rubutun kimiyya na gari zai faɗi biyun, ya ce ga abin da aka yi ba daidai ba a 1996, ga ƙa'idojin neman yardar mutum kafin a yi gwaji a kansa, ga kuma yadda ɗigon foliyo yake koya wa jiki gane ƙwayar cutar tun kafin ta zo, ga shaidar cewa ya yi aiki tunda tun 2016 ba a sake ganin ainihin ƙwayar shan inna ta daji, wato ta asali ba wadda ta samo tushe daga ɗigon rigakafi ba, a Najeriya ba har aka tabbatar wa Afirka da haka a watan Agustan 2020. In ka ɓoye na farkon, na biyun ma ba za a yarda da kai ba.

Haka kuma sai mun iya faɗin namu laifin na yau. Kowa ya san maleriya da taifot, tagwayen da kusan duk wanda ya je gwaji da zazzaɓi yake dawowa da su. Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 yake, kuma a wuri irin namu yana yawan nuna akwai taifot alhali babu, mutumin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya ko mai maleriya zalla zai iya fitowa da shi, sai a ɗora masa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki ba gaira ba dalili, ƙwayoyin kuma suna ta sabawa da magungunan har ranar da za a neme su da gaske su ƙi ci. Ana koya mana wannan a aji, amma mai biyan kuɗin gwajin bai taɓa ji ba. Ita ma olsa, likitocin duniya sun shekara da shekaru suna cewa damuwa ce da yawan asid, sai ga Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya sun ce wata ƙwayar cuta ce a ciki take haddasa mafi yawanta, aka ƙi yarda da su har Marshall ya kai ga shan ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin ciki, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ina son labarin nan don yana nuna wa mai karatu cewa manyan likitoci ma suna kuskure, kuma abin da ya gyara su hujja ce ba girman wani ba. Mutumin da ya san haka, in gobe aka canza shawara kan wani magani ba zai ce ka gani dama ƙarya suke ba.

Maganin gargajiya ma ba da zagi za a tunkare shi ba. Maganin maleriyar da muke rubutawa yau asalinsa ganye ne dangin tazargade, wata masaniya 'yar Sin Tu Youyou ta samo hasken a tsohon rubutun likitancin ƙasarsu, ta tace sinadarin a farkon shekarun 1970, aka gwada aka san adadin da ke aiki, ta samu Nobel a 2015. Bambancinsa da robar mai mota ba wai ɗaya ganye ne ɗaya na Bature ba, gwaji ne da awo, wa aka ba, nawa aka ba shi, nawa suka warke in aka kwatanta da waɗanda ba a ba ba, me ya yi wa hanta da ƙoda. Wannan tambayar kaɗai in ta shiga bakin mutane ta isa, da an yi ta a 2014 da ba a tashi mutane da asuba ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su sha don tsoron Ebola ba, har wasu suka kwanta asibiti wasu suka rasa ransu. Kuma rubutu kan magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce kan cututtuka da magungunansu.

To amma masu tsoron abin suna da inda suke da gaskiya, kuma ba ƙarama ba. Akwai ɗaliban da tun suna aji uku sun liƙa Dr. a gaban sunansu, sun ɗauki hoto da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, ana turo musu tambaya ta inbos suna rubuta magani ga mutumin da ba su taɓa gani ba. Wannan ba rubutun kimiyya ba ne, ganganci ne, kuma hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi a Najeriya ba ta ba ɗalibi wannan hurumin ba. Akwai masu ɗaukar hoton mara lafiya a gadon asibiti ko su ba da labarinsa yadda duk 'yan unguwarsu za su gane shi, wai suna wayar da kai. Akwai waɗanda mabiya suka yi musu yawa sai ga mai shayin rage tumbi ko mai maganin ƙarin ni'ima ya zo da kuɗin talla, daga nan an zama mai mota, sai dai wannan da Turanci a bakinsa. Akwai kuma masu kwafo abu daga intanet ko su sa manhaja ta fassara musu su liƙa ko karantawa ba su yi ba, ka ga Hausar da ba Bahaushen da ya taɓa yin irinta. Iyakar a wajena a fili take, ɗalibi ya bayyana yadda abu yake aiki da yadda aka sani, ya faɗi cewa shi ɗalibi ne, in aka ce masa ga abin da ke damuna me zan sha ya ce je asibiti, in bai tabbatar da abu ba ya kai wa malaminsa ya duba kafin ya saki. Kuma dai wannan ɓarnar hujja ce ta a koyar da abin, don hana shi bai hana masu gangancin ba, masu hankalin ne kawai suke jin tsoro su yi shiru.

Ga inda za a fara ba tare da an kashe ko sisi ba. Duk ɗalibin likitanci kafin ya gama sai ya yi furojet a sashen lafiyar al'umma, mu ɗauki takardun tambayoyi mu shiga ƙauye ko unguwa, mai unguwa ya karɓe mu, mata su bar aikinsu su zauna a tabarma suna amsa mana sau nawa suka haihu, nawa suka rasu, ina suke ɗebo ruwa, wa ya yi rigakafi wa bai yi ba. Mu dawo mu rubuta da Turanci, a yi masa bango mai kyau, a kare shi gaban malamai, a jera a kanta. Mutanen da suka ba da amsar ba sa sake jin ɗuriyarmu, sai baɗi wasu ɗaliban su zo da irin tambayoyin. Me zai hana a ce ba a karɓar furojet sai da shafi ɗaya ko biyu da Hausa, ko da harshen mutanen wurin in ba Hausawa ba ne, wanda ya faɗi abin da aka samu da abin da yake nufi, malamin da ya duba aikin ya duba shi ma ya ba shi maki, sannan ɗalibin ya koma ya karanta shi a ƙofar gidan mai unguwa ya tsaya a yi masa tambayoyi. Waɗanda suka fi kyau ƙungiyar ɗalibai ta tara su ta saka a shafinta, ko ta kai gidan rediyo, don masu shirin lafiya kullum neman abin da za su saka suke. Mai tsoron kada ɗalibi ya faɗi kuskure a bainar jama'a, ga malami nan a tsakani ya duba, mai cewa babu lokaci kuma, aikin dama an riga an yi shi, shafi biyu ne suka rage da kuɗin motar komawa ƙauyen.